Ina Sauran Ya Tafi?

Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da fizik a lise, akasarinsu a Maradi, kuma cikin dukan tambayoyin da ɗalibai suka taɓa yi mini akwai guda da ta ƙi barina in huta. Wata safiya ce ta hunturu, muna kan darasin karo tsakanin abubuwa biyu. Na zo da ƙwallon tanis, na ɗaga shi daidai kafaɗata, na saki. Ya bugi siminti ya taso, bai wuce ƙuguna ba ya koma. Na juya ga allo na rubuta dokoki biyun nan da kowane ɗan ajin ƙarshe ke haddacewa saboda jarrabawar bak: yawan motsi ba ya ɓata, makamashi ma ba ya ɓata. Sai wata yarinya a layi na uku ta ɗaga hannu.

"Mushe," ta ce (ƴan'uwanmu na Najeriya kada ku yi dariya, haka ƴan lakwal ke kiran malami a wajenmu), "in dai ba ya ɓata, me ya sa ƙwallon bai dawo kafaɗarku ba? Ina sauran ya tafi?"

Na san amsar da ke cikin littafi, kalma guda ce. Amma na san in na faɗa za ta ce in nuna mata, ni kuwa ba ni da abin nunawa, ga lokaci ya ƙure. Sai na ce mata iska ce ta tare shi, kuma ba za a tambaye ta wannan a jarrabawa ba. Ta sauke hannu. Sai bayan na yi ritaya, na samu sukunin karatun da ba na allo ba, na gane cewa tambayar da na kashe da jimla biyu ita ce ta hana manyan malaman Turai barci kusan shekara ɗari biyu. Labarin nan nake so in ba ku.

Mafarin maganar wani Bafaranshe ne, René Descartes, wanda muke faɗin sunansa Dekart. A 1644 ya buga littafinsa kan tushen falsafa a Amstadam, cikin harshen Latin. A ciki ya ce Allah ya halicci duniya da wani adadi na motsi, kuma tunda Shi ba ya canzawa, adadin nan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya tashi daga wannan abu ya koma wancan duk lokacin da suka yi karo. Ma'aunin motsin a wajensa shi ne girman abu sau gudunsa. Sunan da ya ba shi, "yawan motsi", shi ne har gobe ke cikin littattafan Faransanci da muke koyarwa da su. Daga nan ya zayyana dokoki bakwai na karo. Abin mamaki, in ka ɗauke ta farko, wadda ta ce abubuwa biyu masu girma ɗaya da gudu ɗaya in sun gwabza kowanne zai koma da gudun da ya zo da shi, sauran ba su dace da abin da ido ke gani ba. Ta huɗu ma ta fi ban dariya: wai ƙaramin abu ba zai taɓa motsa babba da ke tsaye ba, ko da wane irin gudu ya zo. Duk yaron da ya taɓa kaɗo mangwaro da tsakuwa ya san ba haka ba ne.

Dekart ba wawa ba ne, ya san abin da ake gani ya saɓa wa dokokinsa. Da aka fassara littafin zuwa Faransanci a 1647 sai ya ƙara bayani, ya ce laifin ba na dokokin ba ne, abubuwan duniya ne ba su da cikakken tauri, kuma iska da makamantanta sun kewaye su. Ranar da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Ashe ba ni na fara ɗora wa iska laifi ba.

Babban kurensa shi ne bai kula da inda abu ya nufa ba. Ɗauki curi biyu na ɗanyen yumɓu masu nauyi ɗaya, ka gwara su da gudu ɗaya, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma. Za su manne su tsaya cik. A lissafin Dekart motsi ya mutu ke nan, abin da ya ce ba zai yiwu ba. Amma in ka lissafa na gabas a matsayin kuɗin da ake bin ka, na yamma a matsayin wanda kake bi, to tun kafin karon jimlar sifili ce, bayan karon ma sifili. Ba abin da ya ɓata.

Wanda ya fara gano haka ɗan gida ne. Christiaan Huygens, ɗan ƙasar Holan, an haife shi a 1629, kuma mahaifinsa aminin Dekart ne, har Dekart ɗin kan zo gidansu. Yana ɗan shekara ashirin da uku, a 1652, ya tabbata dokokin abokin babansa ba daidai suke ba. Malaminsa na lissafi, Frans van Schooten, wanda ke bin Dekart sau da ƙafa, ya ba shi shawarar ya bar zancen. Bai bari ba, amma bai kuma buga ba. Ya gama rubutunsa wajen 1656 ya adana, ba a buga shi cikakke ba sai 1703, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Dabarar da ya yi amfani da ita ce ta fi burge ni a duk tarihin nan, don ba ta buƙatar komai sai tunani. Ya ce a ƙaddara mutum na tsaye cikin kwale-kwale, a kowane hannu yana riƙe da zare, ƙwallo na rataye a jikinsa, ƙwallayen biyu iri ɗaya masu tauri. Ya haɗa hannuwansa da gudu ɗaya, ƙwallayen suka gwabza, kowanne ya koma da gudun da ya zo. Wannan kowa ya yarda da shi, har Dekart. To amma kwale-kwalen yana tafiya a kan ruwa, kuma gudunsa daidai yake da gudun da mutumin ke motsa hannunsa. Akwai wani mutum na biyu a bakin gaɓa yana kallo. Me zai gani? Ƙwallon da ke tafiya baya, gudun jirgi ya soke gudunsa, don haka a idon na gaɓa a tsaye yake. Wanda ke tafiya gaba kuwa gudunsa ya ninka biyu. Bayan karo sai lamarin ya juye: wanda ya zo a guje ya tsaya cik, wanda ke tsaye ya kwashi gudun duka ya wuce. Karo guda ne, shaidu biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Da canza gudun kwale-kwalen kawai, Huygens ya fito da amsar kowane irin karo tsakanin ƙwallaye masu nauyi ɗaya, sannan ya wuce zuwa masu nauyi daban-daban.

Masu wasan petank a unguwanninmu, masu jifa da ƙwallayen ƙarfe da la'asar, sun san wannan a hannu ko ba su san shi a takarda ba. Gwanin jifa shi ne wanda ƙwallonsa zai bugi na abokin hamayya ya kore shi, shi kuma ya zauna daram a gurbinsa. Da Faransanci sunan wannan bugu carreau, a bakinmu kuwa "karo" ake ji. Dacewa ce kurum, kalmomin ba su da dangantaka, amma ban taɓa ganin dacewar da ta faɗa daidai kamar wannan ba.

A 1661 Huygens ya je Landan, wasu masana suka gwada shi: suna rataya ƙwallaye suna sakinsu su yi karo, shi kuma yana faɗa musu inda kowanne zai kai kafin a saki, kuma haka ake gani. A 1668 ƙungiyar masanan Ingila, Royal Society, ta nemi a kawo mata dokokin karo a rubuce. John Wallis, malamin lissafi a Oxford, ya kawo nasa a watan Nuwamba, kan abubuwan da ba sa tsalle in sun yi karo. Christopher Wren, wanda daga baya ya gina babbar majami'ar St Paul, ya kawo nasa a Disamba, kan masu tsalle. Na Huygens ya iso a Janairun 1669, kuma ya yi daidai da na Wren. Sai mujallar ƙungiyar ta buga na Turawan Ingila biyu ta bar nasa. Ran mutumin ya ɓaci, ya aika da nasa Faris aka buga a watan Maris, sannan na Landan suka biyo baya da bayanin cewa ba wanda ya kwafi wani. Wanda ya riga kowa da shekara goma sha wani abu shi ya zo na ƙarshe a takarda, kuma rabin laifin nasa ne, tunda shi ya rufe abinsa cikin akwati.

Cikin dokokin da ya buga akwai wata da bai yi wa kururuwa ba. Ya ce in ƙwallaye masu cikakken tauri suka yi karo, bayan yawan motsi akwai adadi na biyu da ba ya canzawa: nauyi sau gudu, a sake sau gudu. Ga amfaninsa. A ce ƙwallo mai nauyi 1 ya zo da gudu 2 ya bugi ɗan'uwansa da ke tsaye. Me zai hana su tafi tare, kowanne da gudu 1? Yawan motsi bai hana ba, 2 ne kafin karo, 1 da 1 ne bayansa. Amma adadi na biyu 4 ne kafin karo, bayansa kuwa 1 da 1, wato 2. Rabi ya yi ɓatan dabo. Shi ya sa ƙwallayen ƙarfe ba sa yin haka. Sai dai kuma curin yumɓu haka ɗin yake yi daidai: ya manne wa ɗan'uwansa su tafi tare da rabin gudu. To ina rabin ya tafi? Kun ga mun iso ga tambayar yarinyar nan, kuma muna 1669.

Isaac Newton ya ɗauki maganar da awo. A babban littafinsa na 1687 ya ba da labarin yadda ya rataya ƙwallaye da zare mai tsawon ƙafa 10 yana gwara su. Abin da ya fi sa ni jin kunya shi ne, kafin komai sai da ya auna abin da iska ke ci daga lilon ƙwallon ya cire shi daga lissafi. Duk da haka ya samu giɓi. Ƙwallayen ulu da aka naɗe tam suna rabuwa da kashi 5 cikin 9 na gudun da suka haɗu da shi, na gilashi kuwa da kusan 15 cikin 16. Ba wanda ya mayar da duka. Yawan motsi, in an kula da inda kowa ya nufa, ya same shi cif a kowane gwaji, ko da ulu ko da gilashi. Game da giɓin kuwa, ra'ayinsa shi ne motsi a duniya ya fi saurin ɓata a kan samuwa, kullum raguwa yake, kuma tsarin halitta zai buƙaci a riƙa gyara shi lokaci-lokaci.

Wannan ne Gottfried Leibniz na Jamus ya ƙi haɗiyewa. Shi ɗalibin Huygens ne a lissafi, zamansu na Faris. A 1686 ya buga wata gajeriyar maƙala a Leipzig yana cewa Dekart ya yi babban kure tun daga ma'auni. Hujjarsa mai sauƙi ce. Wahalar ɗaga abu mai nauyi 4 zuwa kamu 1 daidai take da ta ɗaga mai nauyi 1 zuwa kamu 4. In ka sake su suka faɗo, kowanne ya samu ƙarfin da zai iya mayar da shi inda ya fito, don haka ƙarfinsu ɗaya. Amma tun zamanin Galileo an san wanda ya faɗo daga kamu 4 gudunsa ninki biyu ne kawai na wanda ya faɗo daga kamu 1, ba ninki huɗu ba. A ma'aunin Dekart ƙaramin yana da 2, babban yana da 4, ba su daidaita ba. In ka ninka gudu da kansa kuwa, 4 da 4 ne. A 1695 ya raɗa wa wannan adadi suna da Latin, vis viva, wato ƙarfi mai rai. Faransawa suka ce force vive. Waɗanda suka yi wayo lokacin babban taron ƙasa na 1991 a Yamai sun tuna yadda rediyo ke maimaita waɗannan kalmomi safe da yamma. Ni dai a lokacin ban taɓa kawo ƙwallo a raina ba.

Da a ce gardamar ta tsaya kan lissafi, da ba ta daɗe haka ba. Amma akwai tsohuwar gaba. Newton da Leibniz na rigima kan wanda ya fara ƙirƙiro lissafin kalkulas, kuma a 1712 Royal Society, wadda Newton ke shugabanta, ta yanke hukunci ta ba Newton gaskiya. Don haka duk abin da ya fito daga bakin Leibniz, mutanen Ingila sun ƙi shi tun kafin su ji. A 1715 da 1716 aka yi musayar wasiƙu tsakanin Leibniz da Samuel Clarke, wani malamin coci aminin Newton, ta hannun Gimbiya Caroline. Leibniz ya yi musu ba'a, ya ce sun mai da Mahalicci kamar mai gyaran agogon da bai iya aiki ba, sai ya riƙa dawowa yana ɗaura wa agogonsa wani. Clarke ya jefo masa zancen abubuwa masu laushi da ke karo su tsaya: ina ƙarfinka mai rai ya shiga? Leibniz ya amsa cewa bai mutu ba, ya watsu ne cikin ƙananan sassan abin, ya kwatanta shi da mutumin da ya canza babban kuɗi ya karɓi ƙanana. Ka shiga kasuwa da takardar jika goma, ka fito aljihu cike da dala-dala: takardar ta tafi, kuɗin na nan. Gaskiya ya faɗa. Amma ba shi da hanyar ƙirga canjin ya nuna ya cika, kuma ya rasu a Nuwamban 1716 wasiƙun ba su ƙare ba.

Mutumin da na fi girmamawa a wannan babi shi ne Willem 's Gravesande, malami a jami'ar Leiden. Shi na Newton ne na gani-kashe-ni, ya je Landan ya gana da shi, shi ne ma ya rubuta littafin da ya yaɗa koyarwar Newton a makarantun Turai. Ya ce bari a daina cacar baki, gani ya kori ji. Ya sa aka ƙera masa ƙwallayen tagulla masu girma ɗaya amma nauyi daban-daban, ya shimfiɗa yumɓu mai laushi, ya riƙa sako su daga sama yana auna ramin da kowanne ya yi. Wani Ba'italiye, Giovanni Poleni, ya riga ya yi irin wannan gwaji a Padua a 1718. Abin da Gravesande ya gani shi ne, ƙwallo mai rabin nauyi in ya faɗo daga ninki biyu na tsawo, raminsa daidai yake da na mai cikakken nauyi. Gudu ninki biyu yana ba da rami ninki huɗu, gudu ninki uku ya ba da ninki tara. Wato yumɓu ya ba Leibniz gaskiya. A 1722 ya buga sakamakon kamar yadda ya same shi, bai ɓoye ba, bai yi kwana ba. Mutanensa na Ingila suka ɗauke shi kamar wanda ya yi ridda, Clarke ya yi masa kaca-kaca a rubuce a 1728. Malami ya tsaya gaban jama'a ya ce na yi kure, ni na san nauyin wannan, tunda na kasa yin sa gaban yarinya ƴar shekara goma sha bakwai.

Daga nan maganar ta faɗa hannun wata mace. Émilie du Châtelet, an haife ta a Faris a 1706, ƴar manyan gida ce, ta ɗauki malamai da kuɗinta suka koya mata lissafi a zamanin da ba a barin mace ta zama mamba a majalisar masana kimiyya ta Faris. A 1740 ta buga littafin fizik da ta ce ta rubuta ne don ɗanta, ta rufe shi da babi kan ƙarfi mai rai, inda ta haɗa hujjar Leibniz da ramukan Gravesande, ta kuma warware kuren wata maƙala ta Jean-Jacques de Mairan. Wannan Mairan shi ne ya zama sakataren majalisar masanan. A 1741 ya mayar mata da martani cikin salon da manya ke yi wa mata, yana nuna kamar ba ta karanta shi da kyau ba, kamar wani ne ya juya mata kai. Cikin ƴan makonni ta fitar da amsa, ta bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya ta rushe. Bai sake tankawa ba. Voltaire, wanda suke zaune tare a gidanta na Cirey, yana ɓangaren Newton a wannan magana, kuma hakan bai sa ta sassauta ba.

Abin lura a nan, ba ƙin Newton take yi ba. Ita ce ta fassara babban littafinsa daga Latin zuwa Faransanci, da sharhinta a kai. Ta samu ciki tana da shekara arba'in da biyu, ta ji a jikinta ba lalle ta tashi ba, sai ta riƙa kwana a kan aikin don ta gama kafin haihuwa. Ta haihu a farkon Satumban 1749, ta rasu ranar 10 ga watan. An buga fassarar cikakkiya a 1759, kuma har yau ana sake buga ta. Ita ta riƙe Newton da hannu ɗaya, Leibniz da ɗayan, a lokacin da maza ke cewa sai dai ka zaɓi guda.

Kuma hakan ne ya zama gaskiya. Jean d'Alembert a 1743 ya ce gardamar ta kalmomi ce kawai. Immanuel Kant ma littafinsa na farko, yana matashi, a kan wannan rigima ya rubuta shi. A hankali aka gane cewa tambayoyi biyu ne aka cusa cikin kalma guda, "ƙarfi". In ka tambaya tsawon wane lokaci za a ɗauka kafin a tsayar da abu mai gudu, amsar na wajen Dekart da Newton: nauyi sau gudu. In ka tambaya tsawon wace tazara zai ci kafin ya tsaya, amsar na wajen Leibniz: nauyi sau gudu sau gudu. Ɗan kabu-kabun da ya ninka gudunsa biyu, in ya taka birki, lokacin tsayawarsa ya ninka biyu, amma tazarar da zai ja a kan kwalta ta ninka huɗu. Da yawa daga cikin waɗanda muka kai makwanci daga hanyar Maradi zuwa Damagaram wannan ninki huɗun ne ya ci su.

To amma ko da aka sasanta wannan, canjin Leibniz ba wanda ya ƙirga shi. Sai da aka ƙara kusan shekara ɗari. A 1798 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, yana kula da huda bindigogin igwa a Munich, ya lura ƙarfen na ta zafi muddin dawaki na juya abin hudawa, har ya tafasa ruwa da shi ba wuta. A 1807 Thomas Young ya fara kiran adadin Leibniz da kalmar da muke fassarawa makamashi. Julius Mayer, likitan jirgin ruwa Bajamushe, ya rubuta a 1842 cewa motsi da zafi abu guda ne mai fuska biyu, Hermann Helmholtz ya shimfiɗa dokar gaba ɗaya a 1847. Wanda ya zauna ya ƙirga kuwa shi ne James Joule, ɗan masu kamfanin giya a yankin Manchester. Ya rataya nauyi yana saukowa yana juya filafilai cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duba ma'aunin zafi mai gane ɗan ƙanƙanin bambanci, shekara da shekaru, har ya buga adadinsa a 1850. A ma'aunin yau, sai ruwa ya faɗo daga tsawon kusan mita 427 kafin faɗuwar ta ƙara masa zafin digiri guda.

Wannan adadi shi ya bayyana mini dalilin da ya sa mutane irin su Huygens da Newton suka kasa gani. A dokar wasan tanis, ƙwallon da aka sako daga santimita 254 kan kankare dole ya taso tsakanin 135 da 147. Kusan rabin abin da ya zo da shi ya tafi ke nan, kuma rabon iska a ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya zo da shi ba. Mafi yawa yana tafiya ne a ɗan lokacin da roba ta lotsa ta miƙe, ƙwayoyinta suka goga juna, kaɗan kuma ya fita a matsayin ƙarar da kunne ke ji. Ƙwallon nauyinsa wajen giram 58 ne. In ka yi lissafi, zafin da ya ƙaru a jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri guda ba. Ba tafin hannun da zai ji wannan. Canjin na nan cif, amma ƙwabban sun yi ƙanƙanta da yawa.

Yawan motsi fa? Ƙwallon ya zo yana nufin ƙasa, ya koma yana nufin sama, to wa ya karɓi bambancin? Duniya ce da kanta. Ƙwallon ya tura ta, ta kuma motsa, sai dai nauyinta a kilo lamba 6 ce da sifili 24 a bayanta, don haka motsin bai kai abin da wani ma'auni zai kama ba. Nan ne na ɗan tausaya wa Dekart da dokarsa ta huɗu. Ƙaramin yana motsa babba, amma wani lokaci sai ka rantse bai motsa ba.

A shekaruna na ƙarshe a aji na samu abin nunawa. Nakan aro ƙwallayen petank biyu masu santsi, in sa ɗalibi ya riƙe farar takarda a tsaye, in gwara su da ƙarfi takardar na tsakani. Wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ɗan ɗigo ne, duk zafin a nan yake taruwa. Sai ka ga ɗan huji mai baƙin baki, in ka kai hanci ka ji ƙauri. Takardar kan zaga aji daga hannu zuwa hannu, kowa na shinshinawa. Amma ita mai tambayar ta daɗe da barin makaranta a lokacin.

Bara na gamu da ita a wajen wani suna. Ita ta gane ni, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ga yara uku a bayanta, ta ce tana aiki a wani ɗakin sayar da magani. Bayan gaisuwa na ce, "Ƴata, akwai bashinki a kaina." Na tuna mata da ƙwallon, da tambayarta, na ce amsar da na ba ta ba daidai ba ce, ba iska ba ce, zafi ne. Na ɗan ba ta labarin yumɓun Leiden da matar nan ta Faransa, mutane na ta wucewa da kwanonin abinci. Ta yi dariya har da rufe baki da mayafi, ta ce wallahi ba ta tuna ta taɓa yin wannan tambaya ba. Ta yi shiru kaɗan, tana gyara wa ƙaramin ɗanta hula. Sannan ta ɗago ta ce, "To Mushe, in zafin na nan bai ɓata ba, me ya sa ƙwallon da ke kwance a ƙasa ba ya tattara shi ya yi tsalle da kansa?"

Na buɗe baki ke nan aka kira ta daga cikin gida, wai a zo a ɗauki hoto da mai jego.